Bishiyar tsakar gida: tana ƙara wa gida daraja ko tana rage masa?

Tambaya: Ina da gida da nake son sayarwa nan da shekara ɗaya ko biyu. Akwai wata babbar bishiya a filin gidan, ta haura shekara 25, tana yamma da ginin, tsakaninta da bango kamar mita 6. Kwanan nan na lura katangar da ke kusa da ita ta ɗan tsage. Dillali ya ce in sare ta tun kafin masu saye su fara zuwa, wai ganinta zai sa su taya gidan da rahusa. Maiɗakina kuma ta ce inuwar bishiyar ita ce rabin daɗin gidan. Wa ke da gaskiya, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, kada ka sare ta tukuna. Sara aikin yini ɗaya ne, kana iya yinsa gobe, kana iya yinsa ana saura mako guda a sa hannu a takardun ciniki. Amma da zarar ta faɗi, babu kuɗin da zai dawo maka da shekara 25 ɗin nan. Na daɗe ina aikin ƙiyasta darajar gidaje, kuma kusan duk abin da ke cikin gida mai kuɗi yana iya kiran ma'aikata su sabunta masa cikin wata uku: fenti, rufi, tayil, ƙofofi, ɗakin girki. Inuwa ce kaɗai sai an jira ta. Ko da an ɗauko babbar bishiya daga wani wuri an dasa, aikin yana cin kuɗi ƙwarai, kuma ba kowacce ke kamawa ba.

Maiɗakinka tana da gaskiya, shi ma dillalin bai yi ƙarya ba. Kowannensu rabin lissafin mai saye ya kama. Wanda ya shigo gida da niyyar saye ya ga babbar bishiya, abu biyu ne ke zo masa a rai lokaci guda. Akwai daɗi: sanyin wurin, kyan gani, da jin cewa gidan ya zauna, an rayu a cikinsa. Akwai kuma tsoro: saiwar nan ina ta nufa, reshen nan idan aka yi iska a kan me zai faɗo, nawa zan kashe idan ta kama dole a cire ta. Abin da zai taya shi ne kuɗin daɗin bayan ya cire kuɗin tsoron. Sara yana kawar da tsoron, ba musu, amma yana tafiya da daɗin gaba ɗaya. Abin da ya kamace ka shi ne ka kashe tsoron ka bar daɗin, kuma sau da yawa hakan yana yiwuwa.

To nawa ne kuɗin daɗin? Za ka ji ana yawo da alƙaluma, wai bishiya tana ƙara wa gida kashi 15 ko 20 cikin 100. Ni ban taɓa rubuta irin wannan a rahotona ba. Masu binciken da suka ɗauki abin da muhimmanci ba ra'ayin mutane suke tambaya ba. Cinikin da aka riga aka yi suke tattarawa, ɗaruruwa ko dubbai, su ware abin da girman fili ya jawo, da yawan ɗakuna, da shekarun gini, da unguwa, sannan su duba abin da ya rage wanda za a iya jingina wa bishiya. Wani bincike da aka wallafa a 1988 ya bi cinikin gidaje 844 a garin Athens na jihar Jojiya a Amurka, ya gano cewa gidajen da ke da bishiyoyi a gabansu sun fi sauran tsada da kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin 100. A 2010 Geoffrey Donovan da David Butry sun yi irin wannan aiki a birnin Portland na Amurka, suka ga bishiyoyin bakin titi da ke ƙofar gida suna ƙara masa kimanin kashi 3 cikin 100, suna kuma rage kwanakin da yake yi a kasuwa da kusan kwana 2.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken Portland shi ne inda ribar take zuwa. Gidajen maƙwabta da ke cikin tazarar mita 30 su ma darajarsu ta ɗaga, kuma idan aka haɗa nasu duka ya fi na mai bishiyar yawa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. A birnin Perth na Ostireliya, binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna bishiya mai faɗin ganye da ke bakin titi tana ɗaga farashin gida, amma wadda ke cikin filin gidan ba a ga tasirinta a fili ba. Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya saba da masu saye: ta bakin titi kyanta naka ne, ɗawainiyarta ta hukuma ce, kuma ba ta cin filinka. Ta cikin gida kuwa kyan naka, shara taka, saiwa taka. A jihar Minesota ta Amurka kuma an gano a 2010 cewa farashi yana hawa yayin da bishiyoyin kewayen gida suke ƙaruwa, har su rufe kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na wurin, daga nan sai ya fara sauka. Gidan da duhu ya rufe, ciyawa ba ta fita, bango ba ya bushewa bayan ruwa, ba ya burge kowa.

Biranen nan kowanne da yanayinsa da kasuwarsa, don haka ba zan ce ka ɗauki kashi 3 ko 4 ka liƙa wa gidanka ba. Sannan unguwannin masu hali su suka fi yawan bishiyoyi tun asali, raba tasirin bishiya da na unguwa kuwa ba ya fita tsaf komai ƙwarewar mai lissafi. Abin da za ka riƙe shi ne inda sakamakon ya karkata: ƙari ne matsakaici, ba tsalle ba. A aikina ma ba na ware wa bishiya layi nata a rahoto. Tasirinta yana fitowa ne idan na jera gidaje masu kama da juna, na ga wanne aka yi saurin saye, wanne mai shi bai sha ciniki mai zafi ba. Sau da dama amfanin bishiya ba a lambar ƙarshe yake bayyana ba, a'a, a cikin mintuna biyar na farko ne, lokacin da mai saye ya tsaya a inuwa ya fara tunanin inda zai sa kujera.

Taka bishiyar tana da wata fa'ida da ka ambata ba tare da ka ba ta muhimmanci ba: tana yamma. A wajen rage zafi babu gefen da ya kai wannan. Ranar la'asar tana zuwa a karkace, ta shige ƙarƙashin bakin rufi, ta daki bango da taga kai tsaye a daidai lokacin da iska ta fi zafi. Bangon ya sha zafin ya riƙe, da dare ya yi ta sako shi cikin ɗaki. Bishiya a wannan gefe tana tare ranar kafin ta iso, sannan ruwan da ganyenta ke fitarwa yana ɗan sanyaya iskar da ke kewaye. Su Donovan ɗin nan sun auna wannan a gidaje 460 a Sacramento ta jihar Kalifoniya, suka wallafa a 2009: bishiyoyin yamma da kudu sun rage wutar da gida ke ci a lokacin zafi da kimanin kashi 5 cikin 100, na arewa kuwa sun ɗan ƙara ta. A ƙasashe masu zafi, inda ranar tsaka take bi ta saman kai, gabas da yamma su ne bangayen da ke shan wahala. A ƙasashen sanyi kuma an fi son bishiyar da ke zubar da ganye da hunturu, don ranar lokacin ta samu shiga. Idan ka sare taka, wanda ya zo duba gidan da ƙarfe huɗu na yamma zai ji bambancin a jikinsa, ko da bai san an taɓa yin bishiya a wurin ba.

Yanzu mu zo ga saiwa, domin nan ne tsoron yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure.

Mutane da yawa suna zaton saiwar bishiya tana nutsawa ƙasa ne kamar yadda rassa suka tashi sama. Ba haka take ba. Mafi yawan saiwoyi suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, inda iska da abinci suke, kuma suna bazuwa gefe har su wuce iyakar rassan, wani lokaci ninki biyu ko uku. Saboda haka bishiya mai shekara 25 da ke mita 6 daga bango, tabbas saiwarta ta isa gindin ginin tuntuni. Isowar ba ita ce matsalar ba. Tambayar ita ce me take yi a can.

Hanya biyu saiwa take ɓata gini, kuma ba su yi kama da juna ba. Ta farko ita ce ture. Saiwa tana kauri kowace shekara kamar yadda gangar jikin bishiyar take yi, sai ta ɗaga abin da ke kanta. Wannan yana faruwa ne kusa da gindi, inda saiwoyin suka fi kauri, kuma abin da ba shi da nauyi yake samu: daɓe, matakala, katanga mai harsashi marar zurfi. Gida mai nauyi da harsashi mai zurfi ba kasafai saiwa take iya ture shi ba, idan ta ci karo da shi sai ta kauce ta bi gefensa. Don haka tsagewar katangarka ba shaida ba ce cewa gidan yana cikin haɗari. Katanga ita ce ta fi kowane gini a gida rauni, kuma tana tsagewa saboda dalilai da yawa waɗanda ba ruwansu da bishiya. Idan ma saiwar ce, akwai gyara: a rushe ɓangaren da ya tsage, a kafa ginshiƙi a kowane gefe na saiwar, a ɗora linta a kai, a ci gaba da gini, a bar wa saiwar sararin da za ta yi kauri a ƙasa. Kuɗin wannan bai kai darajar bishiyar ba.

Ta biyu ita ce mai haɗarin, kuma ido ba ya ganinta. Bishiya tana shan ruwan ƙasa. Idan ƙasar rairayi ce ko tsakuwa, shan ruwan ba ya canza girmanta. Amma wasu nau'o'in ƙasar laka suna kumbura idan sun jiƙa, su tsuke idan sun bushe. Da rani bishiya ta zuƙe ruwan da ke ƙarƙashin wani ɓangare na harsashi, lakar ta tsuke, ɓangaren ya ɗan nutse, sauran ginin yana nan inda yake, sai bango ya tsage. Birtaniya ta san wannan sosai. Bayan farin 1976 kamfanonin inshora sun sha ƙorafin nutsewar gidaje, musamman a Landan da kudu maso gabashin Ingila inda ƙasar laka ta yi yawa, kuma abin yana maimaituwa duk shekarar da aka yi tsananin fari. Shi ya sa NHBC, ƙungiyar da ke ba da garantin sababbin gidaje a can, ta kasa bishiyoyi gwargwadon shan ruwansu. Masu yawan sha, irin su itacen turare da wasu itatuwan can da ake kira ok da wilo, tasirinsu yana kaiwa tazarar da ta kai tsawon bishiyar idan ta gama girma har da ƙarin rubu'i, wato mai tsawon mita 20 tana iya taɓa ƙasar da ke mita 25 daga gindinta. Matsakaita suna kaiwa kashi uku cikin huɗu na tsawonsu, masu ƙarancin sha kuma rabi. Ƙa'idar ba ta hana gini a cikin wannan tazara ba, cewa ta yi a ƙara wa harsashi zurfi.

Ka fara da sanin ƙasarka. Haƙa ɗan rami, ɗebo ƙasa daga zurfin kamu biyu ko uku, jiƙa ta, ka murza a tafin hannu. Idan ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba, tana santsi tana sheƙi, laka ce. Idan filin yana dararrabewa da rani, wannan ma alama ce. Sannan ka zagaya ginin kansa, ba katanga ba. Tsagar nutsewa tana da kamanni: tana tafiya a karkace, yawanci daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a sama, ana ganinta ciki da waje, kuma takan wuce milimita 3. Ƙofofi da tagogi sukan fara cijewa. Babbar shaidar da ke nuna hannun bishiya ita ce tsagar ta buɗe da rani ta rufe da damina. Siririyar tsaga kamar gashi a jikin filasta kuwa kusan kowane gida yana da ita.

Ga kuma abin da dillalin bai gaya maka ba, wataƙila don bai sani ba. A ƙasar laka, sare babbar bishiya yana iya jawo ɓarnar da ake gudu. Ƙasar da bishiya ta shekara da shekaru tana busarwa, idan aka cire mai shan ruwan, sai ta fara jiƙa a hankali tana kumbura, ta tura harsashi da daɓen ɗaki sama. Wannan yakan ɗauki shekaru kafin ya lafa, kuma ya fi tsanani idan bishiyar ta girmi ginin, domin an kafa harsashin ne a kan ƙasar da ta riga ta tsuke. Saboda haka a irin wannan ƙasa ba a yanke shawarar sara sai injiniyan gini ya duba.

Maganar bututu gajeriya ce. Saiwa ba ta fasa lafiyayyen bututu. Inda ya riga ya tsage ko mahaɗarsa ta saki, ruwa yana ɗiga, nan take bi ta shiga ta cika shi. Dangin ɓaure, irin su cediya da durumi da gamji, sun yi suna a wannan, kuma su ne na fi jin tsoron gani kusa da ramin masai ko tankin ruwa na ƙasa. Idan magudanar gidanka tana yawan toshewa a gefen bishiyar, a buɗe a duba, a canza bututun da ya lalace.

Tsoro na biyu yana sama ne, wato faɗuwa. A nan lafiyar bishiyar ita ce komai, kuma akwai abin da za ka iya gani da idonka kafin ka kira masani. Dubi gindinta: naman kaza da ke tsirowa a jikin itacen ko a kan saiwa alama ce ta ruɓa a ciki. Dubi ko akwai kogo, ko hanyar gara, ko ɓawo yana ɓarewa da yawa. Dubi inda manyan rassa suka rabu: mahaɗa mai faɗi tana da ƙarfi, amma rassa biyu masu kauri ɗaya da suka tashi a matse, ɓawo ya shige tsakaninsu, su ne ke tsagewa ranar iska. Bishiyar da ta girma a karkace tun tana ƙarama yawanci ta saba da hakan. Wadda ta fara karkacewa kwanan nan, ƙasa ta ɗaga a bayanta, wannan ba ta jiran shawara. Haka ma wadda rassanta na can sama suke bushewa daga tsini.

Zan roƙe ka abu ɗaya da babbar murya: kada ka yarda da sulhun da aka saba yi, wato a ce ba za a sare ta ba amma a datse mata kai. Na ga gidaje da yawa da aka yi wa haka ana shirin sayarwa, kuma babu wanda ya amfana. Bishiya ba ta warkar da rauni irin yadda jikin mutum yake yi. Alex Shigo, masanin itatuwa na hukumar gandun dajin Amurka, ya nuna a shekarun 1970 cewa killace wurin da ya ji ciwo take yi, ta gina sabon itace a kewayensa. Idan aka yanke reshe daidai wajen kumburin da ke gindinsa, tana iya killace wurin. Idan aka datse gangar jiki ko babban reshe a tsakiya, raunin ya fi ƙarfinta, ruɓa ta shiga, sannan ta fitar da tohon gaggawa masu yawa waɗanda ba su kafu sosai ba. Bayan 'yan shekaru waɗannan tohon sun zama manyan rassa masu nauyi a kan ruɓaɓɓen itace. An ɓata kyan, an kuma ƙara haɗarin. Gyaran da ya dace shi ne a cire busassun rassa, a janye waɗanda ke shafar rufi, a ɗaga na ƙasa don haske ya shiga, kuma kada a cire fiye da rubu'in ganyen a shekara guda.

Irin wannan ɓarna ana yinta a ƙasa ma. Na taɓa duba wani gida da mai shi, don ya burge masu saye, ya zuba siminti a filin gaba ɗaya har jikin bishiyar, aka kuma haƙa ramin bututu dab da gindinta aka daddatse saiwoyi. Ranar da na je ganyenta kore shar. Bayan shekara uku na sake bi ta wurin, rabinta ya bushe. Bishiya ba ta nuna ciwon saiwa nan take, shi ya sa mutane ba sa haɗa mutuwarta da aikin da suka yi. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya wajen gini kusa da bishiya mai sauƙin riƙewa ce: a auna kaurin gangar jikin, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne tazarar da ba a haƙawa, ba a tara kaya, ba a bi da mota. Ka zagaya ta da igiyar awo a daidai ƙirjinka, ka raba abin da ka samu gida uku da ɗan ɗoriya, kaurin ke nan. Mai kaurin santimita 50 tana bukatar mita 6 ta kowane gefe.

Wani abu da ke rikita masu gida, bari in taɓa shi a taƙaice. Akwai hanyar da masana itatuwa suke yi wa bishiya kuɗi ita kaɗai, musamman idan wani ya sare ta ba izini ana neman diyya. Suna auna faɗin fuskar gangar jikin, su ninka da kuɗin dashen irinta a gidan reno, sannan su rage gwargwadon lafiyarta da wurin da take. Da yake fuskar tana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da kauri ya ninka sau biyu, babbar bishiya takan fito da kuɗi mai yawan gaske. Wannan kuɗin maye gurbi ne. Ba shi ne abin da mai saye zai ƙara maka ba, kada ka sa shi a lissafin farashinka.

Akwai inda bishiya take rage daraja da gaske, ba zan ɓoye maka ba. Idan darajar wurin tana cikin filin ne, mai saye rushewa zai yi ya gina babba, to bishiyar a wurinsa kuɗin cirewa ce kawai, a wasu ƙasashen ma doka tana kare manyan bishiyoyi har a cikin gidan mutum, sai an nemi izini. Idan filin ƙarami ne ta cinye wurin ajiye mota, idan rassanta suna cikin wayoyin lantarki, idan ta rufe rufin da za a ɗora faifan sola, idan ganyenta yana toshe indararo har ruwa yana komawa cikin rufi, duk waɗannan mai saye zai cire kuɗinsu. A yankunan da gobarar daji take yawa, kamfanonin inshora da hukumomi suna duba tazarar itatuwa da gini, Kalifoniya ma ta wajabta gyara ciyayi da itatuwa har kimanin mita 30 daga gida a irin waɗannan wurare. Rigima da maƙwabci kan reshe ko saiwar da ta tsallaka iyaka ita ma tana korar mai saye fiye da yadda ake zato, domin babu mai son ya sayi gida ya gaji faɗa. Idan katangar da ta tsage ta haɗin gwiwa ce, ka je ka same shi ku yi magana tun yanzu.

Tunda kana da shekara ɗaya ko biyu, lokaci yana hannunka. Kira masanin itatuwa, wanda ba da sara yake cin abinci ba, ya gaya maka irinta, da tsawon da za ta kai, da lafiyarta, ya rubuta maka. Idan ƙasar laka ce ko ka ga tsaga a jikin ginin, kira injiniya shi ma ya rubuta. Gyara katangar gyara na gaskiya, ba shafen filasta ba, domin mai saye mai wayo yana gane sabon shafe, kuma da ya gane sai ya fara zargin sauran gidan. Takardun nan biyu su ne maganin tsoron da dillali yake magana a kai. Mai saye da ya ɗaga kai yana kallon rassa ya ce bishiyar nan fa, aka miƙa masa rahoto mai kwanan wata da sa hannu, ba shi da sauran hujjar rage kuɗi a kanta. Idan yana so ya sare bayan ya saya, zaɓin yana nan a hannunsa. Idan kai ka sare, ka rufe ƙofa ga duk wanda inuwar ce za ta sa ya saya.

Idan kuma rahoton ya ce ta ruɓe, ko ita ce ke nutsar da harsashi kuma rage rassa ba zai wadatar ba, to ka cire ta ba tare da jinkiri ba, rai da gini sun fi ta. A sa ƙwararru su sauke ta gunduwa-gunduwa da igiya, a tone kututturen ko a niƙe shi, domin barinsa yana kiran gara, wasu irin kuma suna sake tohowa. Sannan ka dasa wata a gefen yamman, irin da girmanta ya dace da filin, a tazarar da ta yi la'akari da tsawonta na gaba ba na yau ba. Ƙaramin dashe ya fi babba saurin kamawa. Ramin ya yi faɗi ninki biyu ko uku na ƙasar da ta zo da shi, amma kada ya fi ta zurfi, wuyan saiwar ya tsaya daidai fuskar ƙasa. Ka gyara mata rassa tun da wuri ta tashi da kai ɗaya, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da za ka iya farawa a makon nan ba ya bukatar kowa. Ɗauki fensir ka ja layi a ƙarshen tsagar katangar, sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe. Auna faɗinta a wuri biyu ko uku, ka ɗauki hoto da abin awon a jiki. Yi haka ga duk wata tsaga da ka samu a bangon yamma na ginin. Maimaita kowane wata har rani da damina su zagayo. Duk injiniyan da ka kira, abin da zai fara tambaya shi ne ko tsagar tana motsi kuma a wane lokaci na shekara, sai ka miƙa masa hotunan.